Kula da tarakta da kula da motar gida: ina bambancin yake?

Hajiya Memuna, Asawase

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. A gidanmu an haɗa kuɗi an sayi tarakta Massey Ferguson 385, ba sabuwa ba. Za ta riƙa huɗa a wajen Ejura daga watan Maris, in an gama can ta haura Arewacin Gana. Ni aka bar wa lissafin kuɗinta da na gyaranta. Mu dai mota muka sani: akwai Corolla ta gida da Kia mai ɗaukar masara, fita ɗaya ne, wato makaniki, yake duba mana su a Magazin ɗin Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ana juye duk kilomita 5,000, a sabunta takardar DVLA, hukumar rajistar motoci, in lokaci ya yi, shi ke nan.

To ita tarakta ba ta da agogon kilomita, da me ake sanin lokacin juye ya yi? Man da muke zuba wa Kia zai yi mata? Fitan namu zai iya riƙe ta, ko sai an nemi wani daban? Direban kuma ya kawo mini takarda ya rubuta giris, filtar dizal, da galan-galan na abin da ya kira man baya. Ban san wanne ne dole ba, wanne ne zai iya jira. Don Allah masu sani a yi mini bayani dalla-dalla, wanda zan rubuta in riƙa bi.

Masta Issaka, Suame

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a ciki, ya kiyaye tsautsayi.

Mota a hanyar Kumasi zuwa Techiman kaɗan take taɓawa daga ƙarfin injinta. Ta matsa a kan tudu, ta huta a gangare, iskar hanya kuma tana dukan lagireto tana sanyaya shi. Tarakta da garma a ƙasa tafiyarta ba ta wuce kilomita 5 zuwa 7 a awa, totur a sama, inji yana ja da kusan dukkan ƙarfinsa tun safe har la'asar, cikin ƙurar da ita kanta take tayarwa. Shi ya sa ake lissafinta da awa. Abu na farko da za ki sa a duba shi ne agogon awa da ke kan dashbod, domin a yawancin tsofaffin taraktoci wayarsa ta daɗe da tsinkewa. In ya mutu a sa na lantarki, ba shi da tsada. Kafin a sa, direba ya riƙe ɗan littafi yana rubuta lokacin da ya tayar da lokacin da ya kashe, ke kuma ki riƙa gwada shi da dizal ɗin da aka sha da ekar da aka huɗe.

Littattafan irin waɗannan injuna sukan ce a juye baƙin mai da filtarsa duk awa 250. Ni a ƙurarmu da zafinmu 200 nake ba da shawara. Ki lissafa da kanki: in tana aikin awa 10 a rana, kwana 20 ke nan. Juyen da Corolla take ɗaukar watanni kafin ta kai, tarakta a tsakiyar aiki za ta nema cikin mako uku. Wannan shi ne abin da yake ba masu mota mamaki, sai su ɗauka direba ne yake cutar su.

Mai kuwa 15W-40 na injin dizal, wanda aka rubuta CH-4 ko CI-4 a jikin galan. In shi ake zuba wa Kia, zai yi mata. Na Corolla kada ya matso kusa: injin dizal yana fitar da baƙin toka mai yawa, man dizal ne aka haɗa da sinadarin da zai riƙe tokar ta yi ta yawo cikin mai har ranar juye, maimakon ta kwanta a ringi da hanyoyin mai. Injin 385 yana shan lita 7 da rabi zuwa 8, Corolla kusan 4. A juye da ɗumin inji, a shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, a ɗaure da hannu kawai, a tayar minti biyu, a kashe, a jira ya sauka, sannan a auna. Kada baƙin man ya tsorata ki, man dizal yakan yi baƙi cikin 'yan awoyi. Abin tsoro biyu ne. In mai yana ƙaruwa da kansa a sandar awo kuma yana warin dizal, dizal ne yake zuba ciki, galibi ta robar ƙaramin famfon da ke gefen inji. In ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a kashe inji nan take.

Sai iska, wadda a nan ne injuna da yawa suke mutuwa. Mota takan yi watanni ba a buɗe filtar iskarta ba. Ta tarakta kullum ce. A saman bututun shan iska akwai ɗan kwano mai tara ƙura, a zubar da shi kowace safiya. Mai tace iskar kansa iri biyu ne. Akwai mai kaskon mai a ƙasa: a kwance kaskon, a zubar da man da laka ta kwanta a ciki, a goge, a zuba sabon man inji daidai layin da aka zana. In an wuce layin, inji zai zuƙi man. Akwai kuma busasshe na takarda: a hura shi da iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, kada a buga shi a jikin taya, domin takardar takan tsage inda ido ba ya gani. Ƙaramin da ke can ciki ba a hura shi, canzawa ake yi. A bi robobin da suka haɗa shi da inji a tabbatar babu tsaguwa, kilif kuma a ɗaure yake. Rami ɗan ƙarami a nan ya isa ƙura ta cinye ringi da silif cikin damina ɗaya: sai ki ga hayaƙi shuɗi, inji yana shan mai, yana wahalar tashi da safe, an zo maganar obahol.

Giris ɗin da direba ya rubuta ba ya cikin abin da zai jira. Gaɓoɓin mota ta zamani a rufe suke daga kamfani, ba su da bakin giris. Tarakta tana da su da yawa: fil ɗin tsakiya da gatarin gaba yake lilo a kansa, kimfin na dama da hagu, kawunan sandunan sitiyari, sandar fedar birki da kuloci, akwatin daidaita hannun ɗaga garma na dama. A lokacin huɗa kullum ne, ko duk awa 10. A goge bakin kafin a sa bindigar giris, in ba haka ba yashi ake tura wa ciki. A matsa har sai tsohon ya fara leƙowa.

Game da fitanku, aikin inji zai iya: juye, fanbel, famfon ruwa, gaskit, saitin bawul. Injin taraktar, wato Perkins, ya ma fi na Corolla sauƙi, ba kwamfuta, ba fulogi, taimin ɗinsa haƙoran giya ne, babu bel ɗin da zai tsinke. Sai dai ya karanta lambar injin kafin ya taɓa bawul. Tsofaffin 4.236 da 4.248 milimita 0.30 ne duka biyun in inji ya huce, jerin 1000 da suka biyo baya kuwa 0.20 na shiga, 0.45 na fita. Famfon injekta, haidirolik da kuloci kuwa a kai wa waɗanda aikinsu ke nan.

Malam Fuseini mai famfo, Tafo

Hajiya barka da ƙoƙari. Masta ya yi bayani mai kyau, amma ni da zan jera abubuwan, dizal zan sa a gaba da iska.

Mota a gidan mai take sha, daga famfo zuwa tanki. Tarakta a daji take kwana, dizal ɗinta daga duro da jarka yake zuwa, ta hannun mutum uku ko huɗu. Famfon injekta da ke kan waɗannan Massey, irin CAV mai juyawa, ba shi da man kansa. Dizal ɗin da yake bi ta cikinsa shi ne yake masa aikin mai, ƙarafan cikinsa kuma an goge su ne daidai da juna ta yadda ko ƙurar da ba a gani tana karce su. Ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, kan famfon ya ƙwace ko ya kame. Alamar famfon da ya fara cinyewa ita ce tarakta ta tashi lafiya da safe, amma in ta yi zafi aka kashe ta ƙi tashi sai ta huce.

Abin da za a yi ba shi da wuya, naci yake so. Duron dizal a kwantar da shi a kan katako, gefe ɗaya ya ɗan fi ƙasa, a bar shi ya kwana ba a motsa shi ba, a ɗebo daga sama, a bar na gindi don wanke kaya. A ajiye shi a inuwa, murfi a rufe. Kada a yi amfani da bokitin kwano mai farin shafe, dizal yana cin shafen ya je ya toshe nozul. Mazurari mai raga, ba tsumma ba, tsumma yana sakin zare. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yakan yi gumi ta ciki da sanyin asuba, gumin nan ruwa ne. Kowace safiya a leƙa gilashin da ke ƙarƙashin filta, in an ga ruwa ya kwanta a kwance ɗan kusan ƙasa a tsiyaye shi.

Filtar dizal littafi yakan ba ta awa 500. Da man duro ni ba na bari ta kai, duk juye na biyu a canza, ko da zarar an ji tana rage ƙarfi a tsakiyar kuyya. Ƙaramar filtar nan da ake kira 296 tana zuwa da robobi a kwalinta, a cire tsofaffin duka. Roba ta sama in ta zauna a karkace, ko aka ɗora sabuwa kan tsohuwa, iska za ta riƙa shiga, tarakta ta yi ta mutuwa ba a san dalili ba. Kuma a saya wurin wanda aka sani. Jabu ta cika kasuwa, a Suame da Abossey Okai ta Accra duka, kwali mai kyau, takardar ciki kuwa ba ta tace komai.

Direba dole ya iya cire iska, domin ranar da mai ya ƙare masa a gona babu wanda zai zo daga Kumasi. A sassauta kusan da ke saman filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfon gefen inji har dizal ya fito ba kumfa, a ɗaure. A yi haka ga kusoshi biyu na jikin famfon injekta, na ƙasa tukuna sannan na sama. In hannun ya yi sako-sako ba ya turo komai, a ɗan juya inji kaɗan, ƙarfen kam mai tura famfon ne ya tsaya a kansa. Daga nan a sassauta notin bututu biyu a bakin nozul, totur a buɗe, a ja sitata har mai ya fara tofowa, a ɗaure, ta tashi. Kada a riƙe sitata ya wuce daƙiƙa 15 a ja ɗaya.

Roƙona ɗaya: hatimin da ke jikin famfo kada kowa ya karya shi da sunan ƙara wuta. Baƙin hayaƙi ake ƙarawa da zafi, fistin ne yake biya.

Hajiya Memuna, Asawase

Na gode ƙwarai Masta, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na rubuta duka. Saura man bayan nan. Fitanmu ya ce man giya mai kauri, lamba 140, irin wanda ake zuba wa bayan Kia, zai yi, kuma ya fi araha. Direba ya ce a'a. Wa ya fi gaskiya? Sannan mai faci ya cika tayoyin baya tam da iska, direban ya sa an rage, har suka yi musu.

Alhaji Awudu, Ejura

Hajiya, a duka biyun direbanki ne da gaskiya, ki riƙe shi da kyau.

A Kia, giyabos da mansa, difiranshal da nasa, birki da nasa ruwan, sitiyari da nasa. A 385 ɗaki ɗaya ne babba daga bayan kuloci har gatarin baya, kuma mai ɗaya ne yake hidimar giya, da difiranshal, da famfon haidirolik mai ɗaga garma, da birki, domin fayafayan birkinta a cikin man suke jiƙe. Man ya haura lita 30, shi ya sa kika ga galan-galan. Lamba 140 ya yi wa famfon kauri, da safe zai yi ta zuƙa bai samu ba, garma ta ɗaga a hankali, famfon yana cin kansa. Sinadarin da ke cikinsa kuma ba a yi shi don jiƙaƙƙen birki ba, sai birkin ya fara kuka da karkarwa, ko ya daina kamawa yadda ya kamata. Ki nemi wanda aka rubuta UTTO a jiki, ko wanda ya ambaci lambar Massey ta M1135 ko M1143. Ana canza shi tsakanin awa 500 da 1,000 gwargwadon littafin taraktar, amma tunda ba ku san abin da mai ita na da ya zuba ba, a juye yanzu kafin a shiga gona. Kusoshin juyewa sun fi ɗaya, a kwance duka, a goge garin ƙarfen da ya manne musu, a ciro ragar famfon a wanke da dizal. In an ga gutsattsarin ƙarfe masu girma, a tsaya a bincika.

Shi ma wannan man ruwa yana shigarsa, ta robobin gindin sandunan giya in sun tsage, tarakta kuma tana kwana a waje cikin ruwan sama. Robobin ba su da tsada ko kaɗan, man da za su ɓata kuwa kin ga yawansa.

Gwajin haidirolik mai sauƙi: a ɗaga garma sama a kashe inji. In ta sauko cikin 'yan mintuna, akwai yoyo a ciki, ringin fistin ɗagawa ko wata roba. In inji yana aiki garma tana ɗan faɗuwa tana zabura, tana faɗuwa tana zabura, shi ne dai. Ƙarfin man nan ya kai wajen bar 200 a ma'aunin matsi. Kada a laluba yoyon tiyo da hannu, a kara kwali, domin siririn mai yana huda fata. Kuma kada ɗan kowa ya shiga ƙarƙashin garmar da haidirolik kaɗai ke riƙe da ita, a tokare ta da katako.

Taya kuwa, mai faci ya saba da mota, ita 30 zuwa 35 take so a gejinsa. Tayar bayan tarakta 14 zuwa 18 ta ishe ta a gona, don ta baje ta kama ƙasa da haƙora da yawa. In an cika ta tam sai ta yi ta sulɓi, dizal yana ƙonewa, tsakiyar haƙoran yana cinyewa, aiki bai ci gaba ba. In kuma ta yi laushi da yawa, gefenta ya tsattsage, ko ta zame a kan rim ta yanke bakin tub. Na gaba su ne suke son iska kusan ta mota. In har yanzu tana sulɓi ana zuba ruwa a tayoyin baya: a ɗaga da jak, a juyo bakin tub sama, a cika har ruwa ya kai bakin, wato kashi uku cikin huɗu, sauran iska. Za a yi doguwar tafiya a kwalta zuwa Tamale ko Walewale, a ƙara iska kaɗan, in an isa gona a rage. Notin tayoyi a bi su da sifana duk mako.

Kuloci. A mota a sauke giyabos a canza. A tarakta sai an raba ta gida biyu, gaba da baya, a kan jak da katako, aikin yini guda ne ko fiye, galibi a lokacin da manoma suke layi da kuɗinsu a hannu. Abin da ke kashe shi direba ya ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, ko garma ta kama kututture ya yi ta sakin kuloci rabi-rabi don ta fizge. Feda tana da ɗan wasa a sama kafin ta fara kamawa, wasan yana raguwa yayin da faifai yake cinyewa, a riƙa duba shi duk mako ana mayar da shi yadda littafi ya ce. Wasan ya ƙare, boris ya fara gudu ba hutu, faifai ya fara sulɓi.

Garmar ma a sa ta cikin lissafi, masu mota suna mantawa da ita. Kowane faifai yana da boris a bayansa, a girgiza shi da hannu kowace safiya, in yana kaɗawa a ɗaure kafin ya ci gidansa. Giris kullum, har da ƙaramar tayar baya mai bin kuyya. Gonar da ba a cire kututture ba ita ce mai fasa faifai da lanƙwasa hannuwan ɗagawa, direba ya zagaya ta da ƙafa kafin ya karɓi aikin.

Abu uku na rai da mota ba ta da su. Fedar birki biyu ce, ta dama da ta hagu, a kan titi dole a haɗe su da sakatarsu, in ba haka ba taka ɗaya zai juya ta cikin kwata. Ja kuma daga sandar ja ta ƙasa kaɗai, wanda ya ɗaura sarƙa a sama wajen tof-lin, wato hannun garma na sama, tarakta za ta ɗaga gaba ta kifo masa. Sai sandar PTO ta baya mai juya injin ɓarar masara: juyi 540 take yi a minti, tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. Murfinta ya zauna a kanta, mai babbar riga ko mayafi kada ya matso, yara kuma a kore su nesa.

Yaya Sulley, Aboabo

Iyayena kun yi wa tarakta adalci, bari in ce wani abu ta ɓangaren mota, kada Hajiya ta juya wa Corolla baya.

Kilomita 5,000 ɗin nan ma ba ta faɗin gaskiya duka. Motar da take tsayuwa a cunkoson Kejetia ko Anloga inji yana aiki, agogo ba ya motsi, man yana tsufa. Wadda kuma ba ta zuwa ko'ina sai makarantar yara da kasuwa, injin ba ya yin zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a cikin mai. Irin wannan a juye duk wata shida ko da kilomita ba ta cika ba. Kia mai shiga ƙauyuka ɗaukar masara kuwa ta fi kusa da tarakta fiye da Corolla: a hura filtar iskarta a kai a kai, a tsiyaye ruwan filtar dizal, a yi mata giris a kimfin da fil ɗin sifirin da sandar farfela.

Kuɗin mota a ƙafafunta yake tafiya, shokozoba, bushin, boljoyin, takalmin birki, alaimen, abubuwan da tarakta ba ta da yawancinsu. Ga lantarki da na'urori, waɗanda sai an jona kwamfuta kafin a san ciwonsu, kuma mai giya otomatik tana da man da aka rubuta mata, ba a musanya shi da wani. Mota kan yi gargaɗi da fitila a dashbod, ta ba ka kwanaki ka kai ta gareji. Tsohuwar tarakta geji biyu ko uku gare ta, zafi, mai da caji, kuma sau da yawa duk sun mutu. A gyara na zafi da na mai kafin komai, direba ba shi da wata hanyar sanin inji yana ƙonewa sai ya ga tururi.

Masta Issaka, Suame

Sulley ya taɓo zafi, na manta da shi a sama. Lagireton tarakta ta waje yake toshewa, da ƙaiƙayi da furen ciyawa, musamman lokacin ɓarar masara. A hura shi daga ɓangaren fanka zuwa gaba, kishiyar yadda dattin ya shiga. Fanbel in an danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya. Al'adar nan tamu ta cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, da zarar mota ta shigo ƙasa, ba na goyon bayanta a mota, balle a tarakta. Injin dizal da bai kai zafinsa ba ba ya ƙone mai sosai, yana tara toka, yana wanke man jikin silif. A Perkins kuma in babu tamostat wani ruwan yakan zagaya ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto ba, sai a samu zafin da ake gudu. Ruwan rafi da na rijiya yana barin laka da tsatsa, a zuba kulan, ruwan sanyaya inji na galan, a haɗa da ruwa mai tsabta. Murfin lagireto kada a buɗe shi da zafi.

Malam Fuseini, na yarda da maganar duro, amma filtar dizal duk juye na biyu awa 400 ke nan a lissafina. Wanda yake sayen mai a jarka a ƙauyukan Arewa ya riƙe guda biyu a akwati, ya canza ranar da ta nema.

Hajiya, in aiki ya ƙare ta zo zaman rani, ga abin da za a yi. A wanke laka, a juye baƙin mai kafin a ajiye, kada tsohon ya kwana watanni a cikin inji. A cika tanki, a sauke garma ƙasa, a shafa wa fayafayanta tsohon mai, a yi giris ko'ina. A cire kan batir na ƙasa, a riƙa yi masa caji duk wata. Bakin salansa sama yake kallo, a kifa masa gwangwani, ruwan sama in ya bi ta nan kan fistin yake sauka. A danne fedar kuloci da katako don kada faifai ya manne. A duba wayoyi saboda ɓera. Manyan gyare-gyare, kuloci, nozul, boris ɗin garma, a yi su a Janairu ko Fabrairu, lokacin da masu gyara suke da sarari kuma kaya ba su yi tashin farkon damina ba.

Ranar da za ta haura Arewa, a akwatinta a samu filtar mai ɗaya, ta dizal biyu, fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, boris ɗin faifai ɗaya da sil ɗinsa, fil-fil na hannuwan garma, bindigar giris, gejin taya mai karanta ƙaramar iska, galan na 15W-40 da galan na man baya. Sifanun kuma a duba, yawancin notin tsofaffin Massey na inci ne, na milimita da ake kwance Corolla da su suna cinye musu kai.